Akwati a kowane ɗakin kwanciya

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Yau shugaban asibiti ya sa hannu a takardata, aiki ya tabbata. Abin da na roƙa shi ne izinin ɗebe wani sashe na laburare in zuba a akwatunan ƙarfe guda shida: ɗaya ɗakin yara, ɗaya ɗakin haihuwa, ɗaya ɗakin maza, ɗaya na mata, ɗaya sashen gaggawa da muke ce wa hawadis, na ƙarshe kuma rumfar masu kwalara da aka kafa a bayan asibiti.

Laburarenmu yana can ƙuryar haraba, bayan ɗakin wanki. Ina buɗewa da safe, in rufe kafin la'asar. Amma tambayar da ran mutum ya rataya a kanta ba ta jiran in buɗe ƙofa. Ƙarfe biyun dare take zuwa, ga ƙaramin likita ɗan imtiyaz, wato mai horon farko bayan gama karatu, shi kaɗai a kan yaro mai jijjiga, an ɗauke wuta, waya ba caji. Littafin da ke da amsar yana nan a kanta, an garƙame shi da kwaɗo, makulli yana jakata a gida. Wannan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 garinmu Gadarif yake karɓar baƙi, da Wad Madani ta faɗi a Disamban bara kuma sai abin ya ninka. Cikin waɗanda suka iso har da likitoci da ɗaliban likitanci na Khartum da Jazira, kowa da 'yar jakarsa, littattafansu suna can inda suka baro. Da farko waya ce ta rufa musu asiri. Sai ga shi a Fabrairun bana layukan Zain da MTN da Sudani sun ɗauke. A waɗancan kwanaki ne na ga likitoci suna layi a ƙofata, suna kwafe adadin magani da biro a bayan takardar gwaji.

Dabarar akwati ba tawa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fito da ita a ƙarshen shekarun 1990: shuɗin akwatin ƙarfe mai littattafai fiye da ɗari, ana aika wa asibitocin gundumomi a Afirka inda babu laburare. Nawa ba za su kai rabin wancan ba. Kowane ɗaki, abin da yake bukata kawai.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na fara da duba abin da muke da shi. Kanta ta ƙasa a jikin bangon gabas, gara ta gama da ita. Ƙasar Gadarif baƙin laka ce, da damina ta kumbura, da rani ta dare, bango ya tsage, gara ta samu hanya. Ɗinkakkun mujallun shekarun 1980 da ke wurin, ka ɗaga ɗaya sai bangon ya taso a hannunka, cikin duk ya zama ƙasa. Ni da masinja muka janye kantocin daga jikin bango, muka ɗora ƙafafunsu a kan bulo.

Na kuma sauya yadda ake jera littattafan. A da da tsarin Dewey aka jera su, wanda yake cusa dukan ilimin likitanci tsakanin 610 da 619. A laburaren makaranta ba laifi, amma a asibiti lambar kan yi tsawo har ta zagaye gadon bayan littafi. Na koma tsarin Babban Laburaren Likitanci na Amurka mai amfani da haruffa: WC cututtuka masu yaɗuwa, WQ ciki da haihuwa, WS yara, QV magunguna, WY aikin jinya. Haruffan nan kusan su ne ɗakunan asibiti, saboda haka duk abin da ya faɗo WQ na san akwatin da zai nufa.

Talata, 15 ga Oktoba

Na je layin maƙera a kasuwa, wurin wani dattijo ɗan'uwanmu Bahaushe mai ƙera adaka da murhun gawayi. Na nuna masa tsawo da faɗi da hannu, ya dube ni ya ce, "'Yata, kayan ɗaki ne?"

Na ce, "A'a Baba, littattafan asibiti ne."

Ya ajiye gudumarsa. Ya ce to sai an yi musu ƙafafu kamu guda don ruwan goge ƙasa, a kuma lanƙwasa bakin murfi ya rufe ruf, kada kyankyaso da ɓera su samu shiga. Da ya zo maganar inda za a maƙala kwaɗo na ce kada ya sa. Ya ce, "Akwati ba kwaɗo, a asibiti?" Na ce, "Baba, in za a kulle, gara littattafan su zauna inda suke." Ya yi shiru, sannan ya ce kuɗin ƙarfe da fenti kawai zai karɓa, aikin hannunsa sadaka ne.

Kuɗin ƙarfen ma daga adashinmu na matan asibiti ya fito. Babbar sista ta ɗakin yara ce ta ce a ƙara hannu ɗaya da sunan akwatuna, a ba shi ɗaukar farko, kowa ta ɗora ɗan abin da za ta iya. Ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba wadda ta yi gardama, alhali na san yadda albashi yake a wannan lokaci.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Rumfar kwalara na fara kai wa, don ita ta fi gaggawa. Tun watan Agusta Ma'aikatar Lafiya ta sanar da ɓarkewar cutar, Kasala da Gadarif suna cikin inda ta fi yin ɓarna.

Ba littafi ko ɗaya a wannan akwati. Duk abin da ya shiga rumfar sai an fesa masa kulorin, takarda kuwa ba ta jurewa. Shafuka ne zalla, kowanne an lulluɓe shi da leda mai kauri an ƙone bakinta. Na farko na haɗa ruwan kulorin ne, mai ƙarfi uku: kashi 2 cikin ɗari don amai da bahaya da gawa, 0.2 don ƙasa da gadaje da tufafi, 0.05 don wanke hannu. Masu haɗa ruwan nan masu shara ne da samari 'yan sa-kai, ba duka ne karatu ya zauna musu ba, don haka na zana bokiti uku da launin bokitan da suke amfani da su. Wurin adadin cokali na bar shi fili, domin ya danganta da ƙarfin garin da aka kawo. Mai harhaɗa magunguna ne zai riƙa rubutawa da maka, ya goge ya sake duk lokacin da aka buɗe sabon duro.

Shafi na biyu na ƙarin ruwa ne. Wanda jikinsa ya bushe ƙwarai, ruwan Ringa mililita 100 ga kowane kilo na nauyinsa. In ya haura shekara ɗaya, 30 a rabin awar farko, 70 a awa biyu da rabi da ke biye. Jariri kuma a hankali ake ba shi, cikin awa shida. Wanda zai iya sha, ruwan gishiri da sukari mililita 75 ga kowane kilo cikin awa huɗu. Da yamma na leƙa ta shinge, na hango wani nas ya huda kusurwar shafin ya rataye shi da igiyar bandeji a jikin sandar ƙarin ruwa, daidai tsayin idonsa.

Litinin, 28 ga Oktoba

Ba a taɓa aikin akwati ba wannan makon. Mutanen gabashin Jazira, daga wajen Tambul da Rufa'a da ƙauyukansu, suna ta kwararowa, wasu a ƙafa. Wasu ɗalibai sun bar wa iyayensu ɗakunan da suke haya, na shimfiɗa musu tabarmi tsakanin kantoci suna kwana. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan.

Talata, 5 ga Nuwamba

Yankan riɗi ya zo ƙarshe, ana shirin shiga dawa, kuma kamar kowace shekara ana kawo leburorin gona da saran maciji. Mutanen Kaltungo sun san kububuwa, to mu ma muna da irinta, dafinta yana hana jini daskarewa. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar wuta ko na'ura: a ɗebi ɗan jini a zuba a sabuwar kwalbar gwaji ta gilashi, busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata. In jinin ya kwarara, dafi ya shiga, sai maganin dafi. Sharaɗin shi ne gilashi, roba ba ta ba da amsar gaskiya. Shafin kaɗai ba zai yi amfani ba in an rasa kwalbar da tsakar dare, shi ya sa na roƙi ɗakin gwaje-gwaje suka ba ni 'yan kaɗan, na naɗe su da auduga na sa a kusurwar akwatin hawadis. A ƙasan shafin, da manyan baƙaƙe: kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ƙaramin littafin aljihu na Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da yara a asibiti, bugu na biyu na 2013, shi kowa ke nema a ɗakin yara, kuma ya cancanci haka. A babin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya ce allurar artesunate miligiram 2.4 ga kowane kilo. Amma a 2015 hukumar ta sabunta jagorarta ta maleriya, ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba a ba shi miligiram 3 ga kowane kilo, domin a wancan adadin maganin ba ya kai ƙarfin da ake so a jinin ƙananan yara. Galibin yaran da ke kwance a ɗakin nan ba su kai kilo 20 ba. Littattafan da suka girme wa wannan kuwa, har yanzu kwinin suke sa wa a gaba.

Na ɗauki bugu biyun na kai wa likitan yara, na buɗe masa shafukan gefe da gefe. Ya karanta, ya ɗauki jan biro ya gyara a gefen shafi, ya sa hannu da kwanan wata. Daga nan muka kafa doka: ba shafin da zai shiga akwati sai babban likitan wannan ɗaki ya duba ya sa hannu, kuma inda jagorar Ma'aikatar Lafiya ta ƙasa ta yi magana, ita ce a sama. Ni ba likita ba ce, ba hurumina ba ne in yanke adadin magani. Nawa shi ne in san wane bugu ya shafe wane, in ajiye su a gaban mai yanke hukunci tun kafin a bukata.

Wannan ya jawo ɗan ka-ce-na-ce da wani dattijon ma'aikaci da ya ga ina sauke tsofaffin littattafan magunguna daga kanta. Ya ce, "Ustaza, ilimi yana tsufa ne?" Na ce, "Kawu, littafin ƙashi da jijiya yana nan ban taɓa shi ba, jikin ɗan'adam bai sauya ba. Na magani ne nake jin tsoro." Ban zubar da ko ɗaya ba. Suna sito, an manna musu takarda cewa na tarihi ne, ba na gefen gado ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Jiya aka ce sojoji sun karɓe Sinja. Inna mai shayi da ke ƙarƙashin bishiyar dogon-yaro a bakin ƙofa yau ba ta karɓi kuɗin kowa ba. 'Yan'uwanta da dama sun gudo daga wancan yanki tun ƙarshen Yuni, suna cushe a gidanta. Asalinta 'yar Mai Wurno ce, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakannina kuma hanyar hajji ce ta biyo da su, suka tsaya cirar auduga a Jazira don neman guzuri, zama ya kama su. Da ni da ita Hausa muke yi, in likita ya iso mu juya Larabci, ya tafi mu koma.

Rabin aikina a gindin wannan bishiya da wurin fatur nake samo shi. Wajen ƙarfe goma da rabi ake haɗuwa, a gutsuttsura burodi a babban kwano, a zuba ful da ruwansa da man riɗi da albasa, kowa ya sa hannu, likita da masinja da mai gadi. Ranar da aka samu albashi wani ya aiko da agashe. A nan ne nas za ta ce jiya da dare sun rasa yadda za su rage wa mai ciwon ƙoda magani, ko ɗan imtiyaz ya ce bai taɓa ganin cuta kaza ba sai da ya zo Gadarif. Ba wanda zai tako har laburare ya faɗi wannan. Ina saurare, in na koma in rubuta.

Inna kuma ta zama reshen laburare. Wanda ya tashi aikin dare kafin in iso, wurinta yake barin littafin da ya ara, ta sa a buhun da take ajiye sukari don kada ƙura ta taɓa. Da na zo sai ta ce, "'Yata, ga amanarki."

Litinin, 2 ga Disamba

Lokacin kala-azar ya kama. Ɗan mitsitsin ƙwaron da ke yaɗa ta da rani yake cizo, wajen Maris zuwa Yuni, a inda baƙar ƙasa ta dare kuma akwai bishiyoyin talha da aduwa. Cutar sai ta yi watanni a jiki kafin ta bayyana, shi ya sa yanzu ne gadaje ke cika: zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, rama, saifa ta kumbura har ana ganin tudunta a cikin yaro. In ba a yi magani ba, kisa take yi. Likitocin da suka zo daga Khartum da yawa a littafi kawai suka san ta, a nan kuwa abin yau da gobe ce, kuma ƙauyukan Hausawa na bakin kogin Rahad suna tsakiyar yankinta.

A da allurar sodium stibogluconate ake yi kwana 30. Tun 2010 aka amince da haɗa ta da paromomycin a gabashin Afirka, aka dawo kwana 17, allura biyu kullum, kuma masu zafi ne. Masu ciki da waɗanda suka jigata sosai AmBisome ake ba su. A shafinsa na sa likita ya ja layi biyu a ƙarƙashin gargaɗin cewa da ruwan sukari ake sirka shi, ba ya haɗuwa da ruwan gishiri.

Da hantsi sista ta aiko a kira ni. Wani magidanci daga ƙauyukan Rahad ya naɗe tabarmarsa zai tafi da ɗansa, an yi kusan rabin allurai, zazzaɓi ya sauka, yaro ya fara cin abinci. Larabcinsa na kasuwa ne, bayanin likita bai shige shi ba. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi mutanen gida. Ya ce, "Malama, dawa tana tsaye a gona, tsuntsaye suna ci. Yaro ya warke, me za mu zauna yi?"

Na ce, "Baba, in ka sare ƙaya ka bar saiwa, me kake tarar wa da damina?" Na gaya masa abin da likita ya ce in faɗa: ƙwayar cutar tana nan a saifa da ɓargo, in aka yanke allura za ta dawo, kuma ta biyu ta fi wuyar magani. Ya daɗe yana kallon yaron. Daga baya ya ce zai bar uwar yaron da shi, shi ya je ya dawo ranar Juma'a.

Ba kullum nake kusa ba, saboda haka muka ɗauki bayanin a murya. Likita ya faɗa da Larabci, na mayar da Hausa, wata nas Bahaushiya ta saurara ta tabbatar ban rage ba ban ƙara ba. Minti uku ne. Ya ƙunshi dalilin cika kwana 17, da kuma ƙurajen da kan fito a fuska, musamman kewayen baki, watanni bayan an warke: yawanci suna bajewa da kansu, amma in sun yi yawa a dawo asibiti. Ana tura shi ta Bluetooth zuwa ƙananan wayoyin masu jinya. Na kuma rubuta shi a kati da ajami, domin dattawanmu a nan allo suka yi, baƙaƙen Larabci suke karantawa, boko bai ratsa su ba.

Alhamis, 12 ga Disamba

Shekaranjiya aka fara canjin takardun kuɗi na fam 500 da 1,000. Sai ka zuba tsofaffin a asusun banki, abin da ake ba ka a hannu kuma kaɗan ne. Mai shagon buga takardu ya ce ta Bankak, manhajar banki ta waya, kawai zai karɓa, mai sayar da leda ya ce shi sai tsaba. Shafukan ɗakin mata suna jira.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na samu an sabunta mana rajistar Hinari. Shiri ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 tare da manyan kamfanonin buga mujallu, don cibiyoyin lafiya na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta mujallun likitanci da ake saye da tsada. Wahalar ita ce intanet. In layi ya yi rauni sai in ɗauki filasha in je shagon da ke da Starlink, in biya kuɗin awa, in sauke abin da aka rubuta mini. Duk abin da yake na kyauta ga kowa, irin jagororin hukumar da maƙalun PubMed Central, ina tara shi a tsohuwar kwamfutar laburare cikin jakunkuna masu haruffa irin na kantoci. Ɗalibi ya zo da kebul ya kwafa, ko da intanet ko babu.

Wata likita mai neman ƙwarewa ta zauna da ni yini guda. Kundin bincikenta na hukumar ƙwararrun likitoci ya tafi tare da kwamfutarta a Khartum, kan maisitoma take yi, cutar nan da ke shiga ta sukar ƙaya, ƙafa ta kumbura tana fitar da ƙwayoyi baƙaƙe. Cibiyar binciken cutar da Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa a asibitin Soba a 1991 ta yi suna a duniya, kuma Sudan ce ta ja gaba har aka sa cutar a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016. Yaƙi ya tarwatsa aikin cibiyar a Khartum, amma abin da ta wallafa yana nan. Likitar tana tuno sunan marubuci ko shekara, ni ina nema, har muka dawo da mafi yawan madogaranta. Da muka gama ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Yaya, na ɗauka daga farko zan sake."

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Jiya sojoji suka shiga Wad Madani. Garin nan bai yi barci ba. Yau a wurin fatur maganar mota kawai ake yi, wa zai fara komawa, wa zai jira.

Wani likita da ya koyar a Jami'ar Jazira ya same ni a laburare. Jami'ar tasu, wadda aka kafa a 1975, an san sashenta na likitanci da tura ɗalibai ƙauyuka tun suna farkon karatu, kuma shi ya fi kowa ba ni ƙarfin gwiwa a wannan aiki. Ya ce duk abin da zai tarar a can, daren farko zai bukaci akwati irin na hawadis. Na yi masa alkawarin na bakwai.

Litinin, 27 ga Janairu

Akwatin ɗakin haihuwa ya shiga, shi ne na ƙarshe cikin shidan, don sai yanzu likitar mata ta samu sukunin duba shafukan. Mafi muhimmanci a ciki na jijjigar masu ciki ne: magnesium sulfate giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk awa huɗu. Kafin kowace allura a duba numfashi bai gaza 16 a minti ba, gwiwa tana harbawa in an buga, fitsari yana fita. Calcium gluconate ya kasance a kusa.

Tsohuwar ungozomarmu, wadda duk muke ce wa Hajiya, ta zagaya akwatin tana shafa shi. Ta ce ya tuna mata da nata. Makarantar ungozoma ta Omdurman da Mabel Wolff ta buɗe a 1921 mata marasa karatu take ɗauka, a koya musu gane magani ta wari da ɗanɗano, in sun gama a ba kowace akwatin kwano da kayan aikinta. Hajiya ta ce malamarta irin waɗancan ce ta koyar da ita. Sannan ta ce, "'Yar nan, mace tana jijjiga, hannuna cikin safa da jini, da me zan buɗe shafi? Manna shi a cikin murfi, in ɗaga da gwiwar hannu in gani."

Haka aka yi. Gobe zan bi sauran biyar, kowanne in manna masa shafinsa mafi gaggawa a cikin murfi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na zagaya duba akwatuna. Dattin yatsa shi ke nuna abin da ake karantawa. A ɗakin yara jadawalin nauyi da adadin magani ya yi baƙi, gefensa ya nannaɗe. A ɗakin maza manyan littattafan nan masu kauri ko motsa su ba a yi ba, na mayar da su laburare na bar shafuka. Littafin aljihu na yara ya yi ƙafa, na same shi a aljihun rigar wani ɗan imtiyaz. An ce mini ga amfanin kwaɗo. Ni kuwa ina ganin aljihun likita ya fi akwati kusa da yaro, sai dai a ƙara kwafi.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne littafin tambaya da na ɗaure da zare a kowane akwati. Mai aikin dare ya rubuta abin da ya nema bai samu ba, da safe in nemo, babban likita ya duba, in manna amsar. Wata nas ta tambaya me ya sa ake hana mai zazzaɓin dengi ibuprofen da asfirin. Amsar ita ce suna ƙara haɗarin zubar jini, farasitamol kaɗai ake bayarwa. Tambayar ta zama sabon shafi a akwatuna huɗu.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama tun Asabar. Ina buɗewa da sassafe in tashi da azahar. Da magariba samarin unguwa suna shimfiɗa tabarmi a bakin titin asibiti, su tare duk mai wucewa, masu jinya su fito a sha ruwa tare: hilu-mur, asida, balila. Daga gidanmu ake kawo kunun tsamiya da ƙosai, kuma ba sa kwana.

Ɗakin maza da na mata sun nemi shafi kan masu ciwon sukari da azumi. Abin da likita ya amince a rubuta: in sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a karya azumi nan take, kuma huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Mutane sun fi karɓar wannan daga bakin malami, don haka na kai wa limamin masallacin asibiti, ya karanta bayan sallar azahar ya ƙara da hukuncin mara lafiya. Na ɗauki na Hausa a murya kamar na kala-azar.

Lahadi, 16 ga Maris

Akwati na bakwai ya tafi Madani ranar Alhamis a bayan motar kaya, tare da filasha mai ɗauke da duk abin da ke kwamfutarmu.

Na rubuta watan Afrilu a murfin akwatin kwalara da na hawadis, watan da za a sake duba shafukansu, don duk wata shida za a riƙa yi. Wata ɗalibar aikin jinya ta fara zuwa ranakun Talata tana koyon jeri da lulluɓe shafi, saboda kada aikin ya tsaya in ba na nan.

Mataimakin likita na wata cibiyar lafiya a ƙauyukan Rahad ya aiko da saƙo ta hannun mahaifin yaron nan mai kala-azar, yana son nasu akwatin: kala-azar, maleriya, saran maciji, haihuwa, da katunan ajami. Dole ya isa kafin ruwan Yuni, don da zarar laka ta jiƙe mota ba ta shiga sai bayan damina. Baba maƙeri ya ce in dawo bayan Sallah. Direban da ke kai musu magani ya yarda zai ɗauka, saura kuɗin leda, wanda zan kai gaban matan adashi a zaman ƙarshen wata.